Shirun da Kawu Ya Ɗauka a Kurugu

Jiya ina kakkaɓe akwati na ci karo da wani kaset, da rubutun marigayi Kawu a jikinsa: Kurugu. Muryarsa ta fara ɓace mini.

Shi ke ɗaukar sauti a finafinan ƙungiyarmu. Amalankensa na ɗauke da batirin mota, da rikoda naɗe cikin bargo, da makirufo ɗaure a bakin gora. In an gama ɗauka sai ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak, ya naɗi shirun wurin.

Wata rana a garin Kurugu, bayan na gama kukan rabuwa da masoyi a gaban kyamara, na ce, "Kawu, kaset fa kake ɓatawa."

Ya ce, "'Yar nan, kukanki na wasa ne. Wannan kuwa numfashin garin ne."

Jiyan nan na kunna kaset ɗin, na saurara har ƙarshe. Ga kurciya, ga daka daga nesa, ga shanu. Shi ko tari bai yi ba. Ya adana muryar kowa, mu ba mu adana tasa ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sake jiyar da ni muryar nan ko a mafarki ne.