Wankan Fulawa

Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Ƙauran Namoda. Da ya rasu, abin da na zaɓa cikin kayansa gwangwanin madara ne cike da irin fulawa, mai ruwan ɗorawar nan da ganyenta ke wari. A makarantar da nake koyarwa marigol muke ce mata. Duk shekara nakan shuka rabi in ajiye rabi. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a kuwa, zumuɗi ya sa na juye gwangwanin kaf a bayan ɗakina.

Da bazara ta kankama sai ganyen ya fara ɗige-ɗige, ya koɗe, ga wata yana kamar ta gizo. Ko fure ɗaya bai kai ga yin iri ba. Idan suka mutu, shi ke nan, irin Baba ya ƙare a hannuna.

Mu mata mun daina hawa kabu-kabu a lokacin, ni kuma ba mai haƙurin jiran mota zuwa wurin malaman gona ba ce. Na ɗauko maganin sauro na fesa. Kashegari rabinsu suka ƙone. Na zauna na yi kuka har da majina.

Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar garin Dauran na nan yankinmu, wadda ta tsufa a aikin lambu, ta jiyo ni ta shigo. Ta juya ganye ɗaya ta murza a gefen farin gyalena. Sai ga jan zane, ashe wasu ƙwari ne ƙanana kamar garin barkono.

"Ɗiyata, ga ƙafa kika ba su ruwa, su ko ƙwarin ga bayan kunne suke," in ji ta. "Wanka za ki yi musu, ba shayarwa ba."

Ta jiƙa ganyen dogon yaro da ɗan sabulun salo, muka bi su ganye-ganye muna wankewa ta ƙasa, bayan kowane kwana uku. Kullum da bokitinta take zuwa, alhali ruwa a unguwarmu lokacin sai an yi layi a rijiya tun da asuba.

Guda huɗu suka rayu. Ranar da nake murje busassun furanninsu cikin faifai, na ce ta ɗebi iri ta shuka. Ta yi dariya ta ture faifan.

"In yi mi da abin da ba a sa wa miya? Ni ba don su niz zo ba. Kukanki nij ji."

Allah Ya jiƙanta, Ya shayar da ita.