Kyamara a Cikin Shinkafa

Jiya ƙanwata Asabe ta buɗe kwallar aurena tana neman shinkafa, sai ta ciro kyamara.

"Yaya, ita ma dafawa za ki yi?"

Ta marigayi mijina ce. Ya saye ta zamanin da kuɗin mai ya mai da kowane ma'aikacin Gombe mai hoto. Shi ya koya min binne ta cikin shinkafa, kada danshin damina ya ɓata gilashin. Har yau nakan sauya shinkafar.

"Ki ba wani mana, tunda ba mai ɗaukar hoto da ita."

Na ce, "In na bayar, wa kuma zan auna wa shinkafa a gidan nan?"

Ta mayar da murfin a hankali.

Ku fa, me kuke ciyarwa wanda ba ya ci?