Akuyar Gwaggo a bayan Keita

Mun tashi da asuba daga Madawa, ni da ƙanena wanda ya dawo hutu daga karatu a Turai da sabon hali: ba ya cin nama, ba ya shan nono, ko ƙwai ba ya taɓawa. Gwaggonmu za mu gaisar, a wani ƙauye bayan Keita. A tasha na sayi kilishi na miƙa masa don tsokana, ya kau da kai. Ɗan Madawa ya ƙi kilishi! Sai na cinye rabonsa ina yi masa addu'ar samun lafiya.

Hanyar garin Buza jar ƙasa ce da duwatsu, mota na hawa tana gangarawa, mu kuma muna gardama. Ya ba ni labarin gidajen kiwon da ya gani a can, inda kaza ke rayuwa ta mutu ba ta taɓa taka ƙasa ba, a raba saniya da ɗanta tun ranar haihuwa. Na ce wannan tasu ce. Ban rufe baki ba muka wuce wata babbar mota, an ɗaure raguna a samanta cikin rana, kawunansu na lilo. Ya dube ni, na dubi taga. Gaskiya ɗaci gare ta, mu ma muna da namu laifin.

Mun tarar da Buza ranar kasuwa. Dabbobi sun yi tsada, ɗan bunsurun da bai fi a saɓa a kafaɗa ba dillali na kiran kuɗinsa ba ko kunya. Na ci tsire mai zafi, shi kuwa ya samu kwaɗon zogale da ƙuli, har ya nemi ƙari. A nan na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na kira maƙwabcin Gwaggo a salula na ce ya gaya mata kada ta wahalar da kanta, baƙonta ba ya cin nama.

Daga Keita muka hau kabu-kabu, muka ratsa kwari mai itatuwa da garaken albasa. Da la'asar muka isa, muka tarar da gida ya yi tsit. Ashe saƙona ya zame mata zagi. A wajen Gwaggo babu mahaluƙin da ba ya cin nama, sai dai wanda ya raina arzikin mai gida. Kuma babbar dabba ɗaya ta rage mata tun da rani ya yi mata ɓarna: jar akuya mai shayar da ɗan bunsuru, wadda nononta jikokinta uku ke sha, don ubansu ya tafi ci-rani. Har an ba akuyar ruwa, an kai ta bayan rumbu inda ɗanta ba zai gani ba, maƙwabci na can waje yana wasa wuƙa don kada idonta ya faɗa kai. Yaran na raɓe jikin danga.

Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni: “Kai rufe min baki! Wa ac ce muku na rasa abin yanka ma baƙo? Ɗan ƙanena shi taho tun daga Turai, in aje mai haki kamar jaki? Mi mutanen gari za su cewa?”

In an yanka, yara sun rasa nono. In an fasa, Gwaggo ba ta ƙara ɗaga kai a ƙauyen. Ina wannan tunani sai na ga ƙanena ya tuɓe takalmi ya durƙusa gabanta.

“Gwaggo, na karɓi akuyata, na gode, Allah shi ƙara girma. Amma da ranta nike so, gari duka shi san kin ba ni. Ni ba ni da garke, sai ki riƙe min kiwo. Nono na yara ne.”

Ta daɗe tana kallonsa. Kyautar dabba da rai ta fi yanka daraja, kuma dukiyar amana ba a sa mata wuƙa, wannan ko yaro ya sani a ƙasarmu ta Adar. Sai ta daka wa maƙwabci kira ya mai da wuƙarsa kube, ta juyo ta ce: “Na amsa. Amma ɗan bunsurun ga nawa na, kuma ranar sunan ɗanka za a yanka shi. Sai ka hana, mu gani.” Ya yi dariya. Ni kuwa wallahi alfahari ya cika ni, yaron da nake zaton boko ya kwashe mana.

Tuwon dawa da miyar kuka muka ci. Da safe ta tatsi hantsa ɗaya ta bar wa ɗan akuyar ɗaya, ƙanena mai dukiya na riƙe mata ƙwarya. Bai kurɓa ba, ita ma ba ta tilasta shi ba.

Mun dawo Madawa da magariba, ƙura har cikin kunne. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mutanenmu na yanka dabba amma sun san rai gare ta, kuma al'adar da ta kai akuya bayan rumbu ita ce ta dawo da ita turke. Har yau ƙanena ba ya cin nama, ni kuwa ban daina ci ba. Amma yara uku a bayan Keita na karyawa da nono, kakarsu kuma na ratsa gari kanta a sama.