Ramin Juye

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na gama aji shida na firamare, tsakanin Azahar da La'asar. Ina kwance rigingine a cikin ramin da ke bayan gidanmu a Gumel, ƙasan motar Baba a saman fuskata, ɗumin inji yana dukan goshina. An sheƙa ruwa da safe, yashi ya jiƙe har sanyinsa ya ratsa buhun da na shimfiɗa. Na ɗora sipana a kan notin ƙasan inji, na tokare ƙafa na ja, ya saki, na ƙarasa kwance shi da yatsu, baƙin mai ya tsinke cikin tsohon daron Inna. Daga inda nake ba na ganin komai na duniya sai ƙafafun Baba cikin silifas, ta dama a dake, ta hagu a karkace. Hannuna yana aiki amma zuciyata tana wani wuri, domin a makon nan aka ce na samu gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata, Baba kuma ya ce ba inda za ni.

Motar a-kori-kura ce, fara a da, amma a zamanina ba wanda zai rantse a kan launinta. Da ita muke ci, da ita muke sha. Da kaka ta kwashi riɗi da zoɓo daga Gagarawa, da rani buhunan gero da wake daga Ɗanzomo da ƙauyukan Sule Tankarkar, ranar Alhamis kuwa ko sama za ta faɗo sai ta je kasuwar Maigatari da awaki da raguna. Baba bai yarda da kanikawa ba ko kaɗan. Tun ranar da wani ya yi masa juye da man da bai san asalinsa ba, inji ya kusa bugawa a hanya, ya yi rantsuwa ba wanda zai ƙara taɓa cikin motarsa. Yakan ce, "Wanda bai ci daga motar nan ba, ba zai ji tausayinta ba." Sai ya haƙa rami a bayan gida, tsawonsa kamar tabarma, zurfinsa bai kai cinyar babba ba, ya shimfiɗa azara a kowane gefe don tayoyi su hau. Shi yake shiga da kansa, har shekarar da wani bijimi ya matse shi da jikin mota wajen lodi a Maigatari. Ƙashi ya ɗoru, amma gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa har abada. Ko salla a kan kujera yake yi.

Mu kuwa gidan duk mata ne, ni ce babba. Ina aji uku aka fara zura ni ramin, da sunan na ɗan lokaci kafin ƙafa ta warke. Baba yana tsaye a sama yana ba da umarni, ni ina ƙasa ina zama hannunsa. A haka na koyi cewa ba a juye sai an ɗan tayar da inji mai ya yi ɗumi, don ya tsiyaye da dattinsa duka. Na koyi kwance filta da tsohon bel ɗin fanka idan ta cije, da duba ko tsohuwar robar bakinta ta maƙale a jikin inji, da shafa wa robar sabuwar ɗan mai da yatsa kafin a ɗaura. Filta da hannu ake ɗaure ta, noti kuma a ɗaure shi ba da mugunta ba. Idan na fito sai in riƙe mazurari shi ya tuttula sabon mai daga galan, ya zaro ƙarfen awo ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido kamar mai duban wata. Idan ya ce "To," aiki ya yi kyau. Iyakar yabon ke nan, kuma ban taɓa samun fiye da haka ba.

Ba wai Baba mugu ba ne. Ni 'yar fari ce, shi kuma mutumin da ne, mai alkunya ta gaske. Bai taɓa kama sunana ba. Ƙannena yakan kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora Safiya a cinya ya ba ta dabino, amma ni "ke" ce, idan kuma da Inna yake magana sai in koma "yarinyar nan". Inna ma haka take, sai dai ita ta samu mafita, tana bin bakin yara ta ce Yaya. Na san al'ada ce, kowa ya san al'ada ce, amma sani bai hana abin yi mini ciwo ba. Da yake fuskarsa ba ta faɗa mini komai, sai na koyi karanta ƙafafunsa daga cikin rami. Idan babban yatsa yana motsi, sauri yake yi. Idan ya ja ta hagun baya, gwiwa ce ta motsa. Idan duka biyun suka juya suka fuskanci mota, na yi kuskure ke nan, sai in shirya.

Baƙin man da muka juye ba ya zubewa a banza. Kafin ya huce maƙwabta sun aiko yara da gwangwanaye. Wannan zai shafa wa azarar ɗakinsa don gara, wancan zai zuba a masai don sauro, Malam Idi mai amalanke kuma zai shafa a gindin tayoyinsa. Duk unguwa ta san ranar juyenmu, duk unguwa kuma ta san wace ce ke shiga ramin. A makaranta sunana Bakanika. Ƙararrawar makarantar ma tsohon wilin motarmu ne da Baba ya bayar aka rataye a jikin darbejiya, duk sanda aka kaɗa ta sai wani ya waiwayo ya ce ana kirana gareji. Idan muka zauna carafke a gindin bishiya nakan dunƙule hannu, saboda baƙin da ke ƙarƙashin farcena ba ya jin sabulu, ba ya jin toka. Ranar jajibirin Salla 'yan mata suna gwada wa juna jan lalle, nawa sai ya fito da wani duhu-duhu kamar an ƙona shi. Sau nawa ina kwance a ramin nan ina jin tafin gaɗa daga dandali, ina jin muryar ƙawata Asabe tana ba da waƙa, ni kuwa mai yana ɗiga mini a gefen kunne. Surfe da ɗiban ruwa da cirar ciyawa a gonar gero ban taɓa jin nauyinsu ba, don kowace yarinya tana yi. Ramin ne nawa ni kaɗai.

Shi ya sa da maganar makarantar kwana ta zo na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Hedimasta da kansa ya zo zaure, suka daɗe da Baba. Ina laɓe a bayan ƙyaure na ji Baba yana cewa shi ba ya ƙin karatu, ga ta jeka-ka-dawo nan a gari, in yi ta. Ya ce Safiya hannunta bai isa jan sipana ba tukuna, shi kuma ga yadda Allah ya yi da ƙafarsa, idan yarinyar nan ta tafi wa zai shiga ƙarƙashin mota? Inna ta gwada tata dabarar, ta ce a ɗauko ɗan wani a dangi, ya ce ɗan wani ba zai ji tausayin motar ba. Magana ta mutu a nan. Na yi kuka a bayan rumbu har na gaji, na share ido na je na ɗauko daro, domin Laraba ce, gobe Maigatari.

Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne azarar nan ta gefen hagu. Mu da muke raba wa unguwa maganin gara, tamu azarar sama kawai muke shafawa, ba a taɓa juya ta an duba cikinta ba. Gara ta cinye ta ta ƙasa ta bar ɓawo, ruwan safe kuma ya sassauta yashin da ke riƙe da ita. Ina miƙa hannu wajen filta na ji wani ɗan ƙara kamar an karya kara. Kafin in gane, tayar gaba ta zame cikin ramin, gefen ya rufto a kan ƙafafuna, motar ta sauko gaba ɗaya. Ƙarfe ya tsaya a kan ƙirjina, bai danne ni sosai ba, amma idan na ja numfashi sai in ji shi. Daro ya kife, mai mai ɗumi ya bi ta wuyana ya shiga gashina. Hasken da ke shigowa ya ragu ya koma ɗan siriri. Na so in yi ihu, yashi ya cika mini baki. Na so in motsa ƙafa, kamar ba tawa ba.

Ta wannan ɗan siririn hasken na ga ƙafafun Baba suna abin da ban taɓa gani ba. Suka yi gaba, suka yi baya, silifas ɗaya ya fita bai koma kansa ba. Na ji ya kafa jak don ɗaga motar, jak ya nutse cikin jiƙaƙƙen yashi. Na ji salatin Inna, na ji tana cewa Safiya ta ruga masallaci, na ji tana mirgino turmi. Sai ƙafafun suka ɓace. Wani abu ya faɗi tim a ƙasa, yashi ya fara tashi, sai ga yatsu suna tono kamar na mai neman abin da ya fi ransa. Ramin hasken ya faɗaɗa, fuskar Baba ta bayyana a ciki, kumatunsa a kan yashi, hularsa babu. Mutumin da ko sujada ba ya iya yi, ga shi rub da ciki.

"Habiba," ya ce. "Habiba, kina ji na?"

Na tofar da yashi na ce, "Na'am, Baba."

"Kar ki motsa. Ga ni nan."

Ya zuro hannu ya kama wuyan hannuna, bai sake ba har mutanen masallaci suka iso. Malam Idi ya ciro ƙyauren zaure aka shimfiɗa a ƙarƙashin jak, maza suka sa kafaɗa suka ɗaga, Inna ta tura turmi ya tokare. Baba ne ya jawo ni, yana jan jikinsa da baya a ƙasa. Ban karye ba, sai ƙujewa da kumburin idon sawu. Shi kuwa sai da mutum biyu suka ɗaga shi, farcensa biyu sun fita.

Inna ta wanke ni da kalanzir da sabulun wanki har fatata ta yi zafi, gashi dai ya ƙi, aka sa almakashi. Washegari Alhamis motarmu ba ta je Maigatari ba, abin da ban taɓa gani ba tunda na yi wayo. Da hantsi na leƙa bayan gida na tarar da Baba shi kaɗai da shebur, yana dogara ƙafa yana cike ramin. Bai kalle ni ba. Da ya gama ya shigo tsakar gida ya tsaya a bakin ɗakin girki, ya ce wa Inna, "A haɗa wa yarinyar nan kayanta." Shi ya kai ni makarantar a cikin motar, akwatina a baya inda awaki suke zama. Daga baya Safiya ta ba ni labarin yadda yake kai motar gareji, ya tsaya a kan bakanike da sandarsa yana faɗa tun daga kwance noti har zuba mai, ya dawo gida yana ƙorafi. Ya yi ta ƙorafin nan har ƙarshen rayuwarsa, amma bai sake haƙa rami ba, bai kuma zura wata 'yarsa ƙarƙashin mota ba.

Yanzu ina koyarwa a nan Gumel, ina da 'yar ƙaramar motata. Idan lokacin juye ya yi sai in kai ta bakin titi, inda aka gina rami da siminti har da matakala, yaro ya shiga a tsaye ya gama kafin in gama amsa waya. Nakan ce ya duba tsohuwar robar filta, ya yi dariya ya ce Hajiya ta san mota. Iyayen yanzu kuwa suna kiran 'ya'yan farinsu da suna tun daga ƙofar gida, har da na shagwaɓa, ba mai jin komai. A gidanmu an yi ɗakuna a filin baya, amma wurin ramin yana nan, ƙasarsa baƙa, ko ciyawa ba ta fitowa. Idan na je gaida Inna nakan tsaya a wurin kaɗan. Shekaru na yi ina roƙon Allah ya fitar da ni daga ramin nan, ya kuma fitar da ni, ban taɓa da-na-sanin tafiyata ba. Amma Baba ya koma "ke" tun daga washegari, a kan "ke" kuma ya rasu. Da na san ba zan ƙara jin sunana a bakinsa ba, da ban yi saurin amsawa ba.