Ranar da Ukasha Ya Rufe Kwamfutarsa

Ukasha ɗan Inno ba a cikin Roni aka haife shi ba. A wata ruga ta wajen Gwiwa ya tashi, yana bin shanun mahaifinsa tun sandarsa ta fi shi tsawo. Ni na san shi ne bayan ya zama mutum, lokacin da ya kama shagon da ke jikin rumfata, inda nake wankin hula. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ba ta kai rufi ba, don haka abin da aka faɗa a can ina jin sa a nan ko ban so ba. Kawu yake ce mini, ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Kiwo ya ƙare masa ne ranar da wani bijimi ya matse shi a bakin rijiya wurin shayarwa. An yi ɗori, ƙafar ta kama, amma a karkace. Ba ya doguwar tafiya, ba ya tsayuwar gona, ko babur ba ya iya tayarwa da ita. Shi ya sa mahaifinsa ya mayar da shi makaranta, har ya kai ga koyon kwamfuta a Kazaure. Da tsohon ya rasu, 'yan'uwa suka kora shanun suka yi kudu. Ukasha ya ɗauko mahaifiyarsa Inno, wadda idonta ya riga ya tafi, suka kama haya a Roni. Shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke kai ta asibiti, ba ta da kowa a garin sai shi.

A shagon yana cajin waya, yana tura wa mutane karatun malamai a wayoyinsu. Amma ba wannan ke riƙe gidan ba. Akwai wani wasa da samari ke yi a waya, ƙungiya da ƙungiya, na Kazaure, na Babura, har da yaran ƙetaren iyaka. Ukasha ya ce mini wasan ba a cikin wayoyin yake zaune ba. Yana cikin wata kwamfuta da suke kira saba, a wata ƙasa da bai taɓa takawa ba. Wani mutumin Kano, Muhammad Auwal, shi ya kama hayarta, ya ba Ukasha lambar sirrin shiga, yana biyansa duk wata don ya kula da ita. Daga kan bencinsa, da 'yar kwamfutarsa ta cinya, yake shiga cikin waccan ya ga lafiyarta.

Na ga ma'aikata iri-iri a rayuwata, ban ga mai tsare aiki da ido kamarsa ba. Ya taɓa gaya mini cewa yana yaro ya juya baya don cire ƙaya, shanu suka faɗa gonar gero, mahaifinsa ya sha kunya a gaban mai gari. Tun daga nan bai yarda da ɗauke ido daga abin da aka ba shi ba. Har wani ma'auni ya haɗa da hannunsa a cikin sabar, mai allura kamar ta man mota, yana nuna nauyin da ke kan injin. Daga buɗe shago zuwa rufewa allurar nan tana gabansa. Salla kaɗai ke sa ya fita daga ciki ya rufe kwamfutar, don ba ya barin ta a buɗe alhali ba ya nan.

A daminar da nake magana, da aka yi hutun makaranta, 'yan wasa suka yi yawa, sai wasan ya fara maƙalewa. Mutum na gudu a waya sai ya daskare, kafin ya motsa an gama da shi. Allurar Ukasha ta haye ja ta zauna. Ya ƙara tsare ta, ya daina cin abinci a gida, ya rame. Ga shi an sa gasar ƙarshe ranar wata Asabar bayan la'asar.

Ana saura 'yan kwanaki Muhammad Auwal ya kira. Ina matse hula a kan itacen da ke fitar mata da siffa na ji muryarsa ta waya.

"Malam Ukasha, ni ba na son dogon bayani. Akwai mutanen da za su kalli wasan nan, in ya yi kyau za su shigo da mu cikin harkarsu. In ya maƙale ranar Asabar, zan canza lambar in ba wani. Ka ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya ajiye wayar. Ni da shi mun san abin da hakan ke nufi. Cajin waya ba ya ciyar da mutum biyu. In aikin ya tafi, sai dai ya shiga Kano neman wani, kuma Inno ba ta iya zaman Kano, ba ta iya zaman Roni ita kaɗai.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Na'Allah ya shigo da wayarsa. Ɗan acaba ne, mai baki, ƙungiyarsu tun zagayen farko aka kore ta amma bai daina wasan ba.

"Injiniya, ka ci gaba da zama a masallaci mana, mu huta."

"Na'Allah, yau ba ni da ƙarfin wasa."

"Wallahi ba wasa nake ba. Gem ɗin nan sai ka tafi salla yake lafiya. Ɗazu da kuna masallaci kamar an zuba masa mai. Kana dawowa ya fara ɗingishi irin naka."

"Wato kai ba ka je Juma'ar ba ke nan."

"Na samu raka'a ta biyu. Ba maganar da muke ba ke nan."

Na zaci Ukasha zai yi fushi saboda maganar ƙafa. Amma da na leƙa, sai na gan shi yana kallon allurar kamar yau ya fara ganin ta. Ya ce wa Na'Allah ya zauna ya shiga wasan. Ya fita daga sabar, ya rufe kwamfutar. Na'Allah ya ce lafiya lau. Ukasha ya sake shiga. Ba a jima ba Na'Allah ya ja tsaki. Suka yi ta yi, a rufe a buɗe, har aka kira la'asar.

Da muka dawo ya zauna a rumfata, abin da bai saba ba, ya yi mini bayani a hankali, ina jin don ya ji da kunnensa ne.

"Kawu, injin yana da agogo a cikinsa. Ba na sanin lokaci ba, na tashin sa ne. In an ƙyale shi, yana bugawa sau sittin da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya. Duk bugu sai injin ya ɗaga kai ya duba ko da aiki. Ni kuma da na haɗa ma'aunin nan, don kada wani abu ya wuce ni, na sa shi ya nemi agogon ya riƙa bugawa sau dubu. Da na shiga, ma'aunin ya tashi, agogon ya haukace. Wasan kuma agogon yake bi. Sai ƙwaƙwalwar injin ta cika da ɗaga kai, ta rasa sararin yin aikin. Da mutane ba su da yawa tana jurewa."

Na ce, "To ka cire shi."

"Na kashe shi ɗazu, agogon bai sauka ba sai da na fita gaba ɗaya. In zan tumɓuke shi sai an kashe sabar an kunna. Kuma ban ma tabbata shi kaɗai ne ba. Abin da na tabbatar ɗaya ne, in ba na ciki tana lafiya."

Ya kira Muhammad Auwal ya gaya masa. Mutumin bai yi masa rashin mutunci ba, amma bai karɓa ba. Ya ce ba a kashe saba ana gobe gasa a kan zato. Ya ce wanda ya riƙe aikin kafin Ukasha barci ya yi aka yi ɓarna, babu kowa a cikin sabar. "Kada ka taɓa komai. Gobe kuma ina son in gan ka a ciki tun daga farko har ƙarshe. Ina gani a wayata."

Asabar ta zo da hadari. Tun azahar gabas ta yi baƙi. A wajenmu in ruwa ya sauko sabis yakan yi rauni, kuma Ukasha ya ce in yana waje sabar ta faɗi, shiga na iya ɗaukar sa lokacin da ya isa 'yan wasa su watse. Na kwashe hulunana daga rana na shigo shagonsa da su, na zauna a bakin ƙofa. Na'Allah na gefe da wayarsa, zai kalli gasar.

Ana gab da farawa, Ukasha na ciki, allura na rawa kusa da ja. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya fita, ya rufe kwamfutar, ya ɗora hannuwansa biyu a kanta.

"An fara," in ji Na'Allah.

Ni ban san wasan ba, fuskar Na'Allah nake karantawa. Ukasha ma ita yake kallo. In Na'Allah ya ɗaure fuska sai Ukasha ya ce, "Ya maƙale?" Shi kuma ya ce, "A'a, wani sakarai ne ya bari aka harbe shi." Iska ta fara kaɗa kwanon rufi.

Wayar Ukasha ta yi ƙara. Ya bari ta kusa katsewa kafin ya ɗauka.

"Ban gan ka a ciki ba."

"Ba na ciki, ranka ya daɗe."

"Shiga yanzu."

"Ka dubi wasan tukuna. Ya maƙale?"

"Ba tambayar da na yi maka ba ke nan. In ta faɗi fa, wa zai tayar?"

"In ta faɗi laifina ne. In na shiga kuma na san za ta maƙale."

"Ka sani ko kana zato?"

Na ga babban yatsan Ukasha ya shiga ƙarƙashin murfin kwamfutar ya ɗaga shi kaɗan.

"Na gwada jiya, ya fi a ƙirga. Ka yi haƙuri, ba zan shiga ba."

"Malam Ukasha, ni na ba ka lambar nan."

"Haka ne."

Aka kashe wayar daga can. Ya zare yatsan, murfin ya koma.

Ruwa ya sauko da ƙarfi, har ba ma jin juna sosai. Na'Allah ya matsa jikin taga yana ɗaga waya. Can ya ce, "Ya tsaya." Ukasha ya miƙe da sauri har ƙafar ta kusa kayar da shi, ya dafa bango.

"Kowa ya tsaya ko kai kaɗai?"

"Ina zan sani? Komai ya daskare."

"Duba sabis ɗinka."

"Sanda ɗaya."

Ukasha ya dubi kwamfutar, ya dube ni. In sabar ce ta faɗi, duk jinkirin da ya yi ƙarin ɓarna ne. In wayar Na'Allah ce, shigarsa ita za ta kawo abin da ake gudu. Ya ɗauki tasa wayar ya ajiye a kan benci tsakaninmu, ya ce in sabar ce yanzu za a kira. Muka zuba mata ido. Ruwa na shigowa ta ƙasan ƙofa yana jiƙa mini takalmi, ban janye ƙafa ba.

Ba ta yi ƙara ba.

"Ya dawo," in ji Na'Allah. "Ashe suna ta yi. Har an ci 'yan Babura ɗaya."

Ukasha ya zauna. Bai ƙara tambaya ba har aka gama. Yaran Kanya Babba ne suka ci, in ji Na'Allah, kuma a zauren hirarsu na waya ba wanda ya yi kukan maƙalewa. Muka jira kiran Muhammad Auwal har magariba. Bai kira ba, bai aiko da saƙo ba. Ukasha ya ce wasa ya yi kyau, amma shi ya ƙi bin umarni, kuma bai san wanne mutumin zai auna ba. Ya ƙi gwada lambar a ranar. Ya rufe shago ya tafi gida.

Washegari da hantsi na same shi zaune, kwamfutar a buɗe, bai rubuta komai ba.

"Kawu, in an canza lambar, cewa za ta yi ba daidai ba."

"To gwada mu gani."

Ya danna haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar gilashin. Sabis bai gama dawowa ba tun ruwan jiya. Ya juya, ya juya.

Sai ta buɗe.

Ya sauke numfashi, ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Bai tsaya kallon komai ba, ya ɗauki waya ya kira Kano, ya gaida mutumin kamar yadda ya saba, ya nemi izinin kashe sabar ya kunna don ya tumɓuke ma'aunin. Na ji muryar daga can ta ce, "Yi abin da ka ga ya dace. In ka gama ka sanar da ni."