Bakin Yayana

A Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, in ka ce wa baƙo "saya", ka zama dillali, ka tsaya masa ke nan. Haka muka taso muka tarar. Babanmu dillalin goro ne. Huhun da ya yaba in ya fito da tsutsa, shi ake kamawa, ba mai gona ba. Yayana ya san wannan sarai, amma boko ya sa ya ɗauka fassara daban, dillanci daban.

Ina suyar awara a bakin layinmu, shi kuma yana gyaran waya a ɗan shagon da ke gefena. Bayan la'asar 'yan dako kan dawo daga kasuwar Mokola su cika min benci. Sai Yaya ya kunna musu wani Bature mai fararen haƙora da ke sharhin kirifto, kuɗin nan na cikin waya, yana juya musu da Hausa. Ni tun farko jinina bai haɗu da mutumin ba. Wanda ya san gobe har haka, me ya zaunar da shi yana zuba surutu?

Da wasu ƙasashe biyu suka fara yi wa juna barazana, Baturen ya ce in yaƙi ya ɓarke, kowa zai gudu daga kuɗin takarda, kirifto ya yi sama. Yaya ya fassara har da ƙarin gishiri, don shi bai iya magana lami ba. A cikin masu sauraro akwai wani dattijo da dako ya cinye masa gashin tsakar ka, yana tarin abin da za a yi wa matarsa aikin ido a gida.

"Malam, in saya?" in ji dattijon.

"Ai ka ji abin da ya ce, Baba."

"Ban san shi ba. Kai nake tambaya."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Saya mana." A gaban shaidu kuwa ya faɗa.

Yaƙin ya ɓarke, kirifto ya rikito ƙasa, kuɗin aikin idon da dattijon ya zuba suka bi ruwa. Da hantsi suka zo, dattijon da 'yan garinsu. Ba wanda ya yi sallama. Suka fizgo Yaya daga shago da wuyan riga, yana cewa, "Abeg, ku tsaya, ba ni na ce ba, fassara na yi!" Wani ya zaro katakon bencina ya sauke masa a muƙamuƙi. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ya faɗi cikin kwata, suka bi shi da ƙafa, haƙoransa biyu a kan titi, wata Bayarabiya mai lemo tana ta ihu tana kiran sunan Allah.

Ban san lokacin da na sungumi kaskon ba. Na watsa man a bayan mai katakon, rigarsa ta manne da fatarsa, ya yi wata ƙara irin ta akuya a hannun mahauci. Shi ya sa suka watse. Har yau in aka tambaye ni, cewa nake da na sake samu da na sake.

Dattawan unguwa suka zauna a ƙofar masallaci. Ba su tambayi yaƙi ba, ba su tambayi Bature ba. Abu ɗaya suka tambaya: ya ce saya? Aka ce ya ce. Shagon Yaya ya tafi a biyan asara, matar dattijon kuma duk da haka ba a yi mata aikin ba.

A asibiti aka ɗaure masa muƙamuƙi da wayar ƙarfe, sai koko nake ɗura masa ta tsinken roba. Ranar da muka dawo gida ya lalubo wayarsa ya kunna. Ga Baturen nan, haƙoransa cif, yana murmushi yana nuna jan layin farashi da ya yi ƙasa. Na ce, "Yaya, me kuma yake cewa?"

Ƙanwarmu da ke jin Turanci ta ce, "Wai dama ya faɗa mana zai faɗi."

Yaya ya girgiza kai, wai ba ta juya daidai ba. Ya yunƙura zai gyara mata, sai jini ya biyo ta tsakanin wayoyin bakinsa ya ɗiga a kan fuskar Baturen a allon wayar.