Lauyan Siddiƙu

Siddiƙu mai albasa maƙwabcina ne a Runjin Sambo, katangarmu ɗaya. Mutum ne mai riƙon alkawari har abin ya yi yawa. In ya ce ya ajiye maka buhu, ko wa ya zo bayanka sai dai ya koma hannu rabbana. Mun sha yi masa tsiya a kan wannan hali yana dariya. Ban taɓa zaton halin ne zai cinye shi ba.

Babur ya saya na hannu don kai kaya kasuwa, ashe na fashi ne. Aka kama shi, aka kai shi kotun majistare, kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron tuhumar fashi, a ajiye shi a gidan yari sai shawara ta zo daga sama. Shawarar nan har yau tana hanya. Lokacin matarsa Sadiyatu na goyon ɗiyarsu Khaula, ni nake raka su ziyara.

A shekararsa ta farko a ciki ɗaliban lauya na wata jami'a suka zo. Tsarin karatunsu ne: kafin su gama ana kai su wurin masu jiran shari'a, su ji labarinsu, su rubuta, malami ya ba su maki. Baƙi da fari suke sawa, kamar lauyoyi sak. Wanda aka haɗa da Siddiƙu sunansa Gazali. Ya saurare shi har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya kama hannunsa ya ce, "Baba, in Allah ya yarda maganarka tana hannuna."

Ban ce yaudara ya yi niyya ba, tausayi ne ya kwashe shi. Amma babu wanda ya zauna ya bayyana wa Siddiƙu cewa ɗalibi ba shi da bakin magana gaban alƙali, sai ya gama jami'a ya wuce makarantar horon lauyoyi. Shi dai ya ga baƙar kwat, ya ji alkawari. Daga ranar ya fara cewa "lauyana".

Ana nan sai ga wata lauya ta gaske, Barista Nabila, daga wata ƙungiya mai tsaya wa talaka kyauta. Tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: kana da lauya?

"Ina da shi, Hajiya," in ji Siddiƙu. "Barista Gazali. Na ba shi amana, ba ni iya bin bayanshi."

A sana'arsu lauya ba ya tsoma hannu a shari'ar da ke hannun ɗan'uwansa. Ta yi masa fatan alheri, ta matsa ga na kusa da shi. Wancan a gidansa ya yi sallah.

Da na ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar ziyara ko gaisuwar kirki ban yi masa ba na ce, "Siddiƙu, don mi kay yi haka? Ɗan makaranta na fa, ba lauya na ba!"

Ya ce, "Malam Muntari, yaron ga hannuna yak kama. In ya dawo ya iske na ba wani, da wane ido za ni dubin shi?"

Na bi sawun Barista Nabila, aka ce sun cika adadin da za su ɗauka. Da na sake komawa na tarar da kwaɗo a ƙofa, ƙungiyar ta tattara ta bar Sakkwato. Ban gaya wa Siddiƙu ba.

Kowace shekara sababbin ɗalibai na zuwa, ya ba su labarin daga farko, su rubuta, su tafi, ya bi su da saƙon gaisuwa ga Barista Gazali. Ta kansa mutane da yawa suka ci jarrabawa. Khaula ta yi wayo har ta shiga firamare, ubanta kuwa ta san shi ne a matsayin mutumin da ake kai wa tuwo.

Bana Gazali ya dawo. Ya zama cikakken lauya, ya yi jiki, shi ne ma ya jagoranci ɗaliban. Siddiƙu ya ce mini tun daga nesa ya gane shi. Ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya miƙa hannu biyu.

Gazali ya gaishe shi cikin mutunci ya ce, "Zauna, Baba. Mi as sunanka? Ba yaran ga labarinka tun daga farko."

Ya zauna ya ba su.

Ranar ziyara, da ya ba mu labarin ni da Sadiyatu, na ce, "Ba ka tuna mishi ba?"

"Gaban ɗalibanshi? Ai sai in kunyata shi."

Sadiyatu ta juya baya tana gyara ɗaurin kwano da ba ya bukatar gyara. Can Siddiƙu ya matso kusa da ni, ya rage murya kamar mai jin nauyin kada wani ya ji, ya ce, "Malam Muntari, Hajiyar nan da taz zo kwanaki, in ka gan ta, ce mata yanzu ba ni da lauya."